Masallacin da Ya Juya wa Makka Baya

Badamasi ya isa gonar tsakanin azahar da la'asar. Ya ajiye motar kamfani a gindin dabino, ya nufi masallacin da ake ginawa. Yana sa ƙafa a bakin ƙofa inuwarsa ta riga shi shiga, ta miƙe a ƙasa tana nuna mihrabi. Ya tsaya cak.

Duk wanda ya zauna a Riyad ya san cewa idan rana ta karkata, ita mai salla yake fuskanta, inuwarsa tana bayansa. Makka a yamma take. Ya ciro waya ya buɗe manhajar alƙibla, ba don yana shakka ba. Allurar ta yi rawa, ta tsaya tana nuna bayansa.

Ginin kuwa ba shi da makusa. Bangon tubali ne mai kauri, an shafe shi da hannu, sawun yatsu a jere kamar saƙa. An ɗora rufi a kan itacen dabino. Mihrabin ya fi komai kyau, an zagaye bakinsa da irin zanen tsofaffin gidajen Damagaram, ƙasar ma ba ta gama bushewa ba. Masallaci ne cikakke, ya juya wa Makka baya.

Gonar ta Abu Nawaf ce, mai kamfanin gine-ginen da Badamasi yake wa zane, kuma kafilinsu duka, wato wanda takardun zamansu a ƙasar suke hannunsa. Tana kan hanyar Dirab, can bayan unguwar Shifa, inda gidaje suka ƙare. Da mahaifiyar Abu Nawaf ta rasu ya yi niyyar gina mata masallaci sadaka, amma ba na siminti ba. Mutum ne mai yawon duniya. A falonsa akwai hotunan masallacin Ƙurɗuba da na Jenne da na Agadas, kowanne cikin gilashi. Wata rana ya ɗora yatsa a kan hasumiyar Agadas, ya tambayi Badamasi ko har yanzu mutanensu suna irin wannan gini. Badamasi ya ce suna yi. Ya san wani magini a Damagaram, Malam Moussa, wanda ya taɓa gyara masallacin Juma'a na garinsu a ƙasar Daura.

Malam Moussa ya haura sittin. Da aka yi masa maganar aikin bai tsaya ciniki ba, abu ɗaya ya tambaya: idan ya zo, zai samu ya yi Hajji? Abu Nawaf ya yi alkawarin idan masallaci ya yi kyau zai nema masa izinin da ake ba mazauna ƙasar. Hajjin shekarar 2014 kuwa ya ƙarato. Tsohon ya gina masallatai da yawa a rayuwarsa, bai taɓa ganin Ka'aba ba sai a kalandar shago.

Daga filin jirgi kai tsaye aka kawo shi gonar, shi da leburori biyu mutanen Maraɗi, Saidou da ƙanensa. Badamasi ya shimfiɗa masa zane a kan motar, ya nuna tsawo da faɗi. Kafin su kafa turke ko ɗaya aka kira shi a waya, wani gida da ake ginawa a unguwar Badi'a ya samu matsala. Yana shiga mota ya ce da tsohon cikin raha ai ya fi shi sanin inda masallaci yake kallo. Aikin Badi'a ya riƙe shi makonni. Abu Nawaf kuma ya yi tafiya. Saidou ne yake turo hotunan gini ta waya, hoto kuwa ba ya nuna gabas da yamma.

Yau Badamasi ya same su a bayan masallaci suna kwaɓa ƙasa. Malam Moussa ya fito daga cikin taɓo yana share hannu a riga, fuskarsa a sake, yana jiran yabo. Suka gaisa. Badamasi ya tambaye shi yadda ya fitar da alƙibla.

Tsohon ya ce kamar kullum. Ya tashi da asuba ya jira fitowar rana, ya kafa turke, ya ɗan karkata hagu, ya ja igiya. Haka mahaifinsa ya koya masa, shi ma haka aka koya masa.

"Baba, a nan Makka tana yamma."

Malam Moussa ya yi dariya. "Injiniya ke nan. Gabas ai gabas ce ko a ina."

Badamasi ya tsuguna ya ɗauki tsinke. Ya ɗiga ɗigo uku a ƙasa a jere. Ya taɓa na farko ya ce Damagaram, na tsakiya Makka, na ƙarshe Riyad.

"Jirgi ya wuce da kai, Baba. Kun tsallake ta."

Tsohon ya daɗe yana kallon ɗigon. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya juya ya dubi ƙullutun mihrabin da ya fito ta bayan bango. Ya ce ai Rabilu direba yana kai su Juma'a a Shifa, bai ga an juya ba. Badamasi ya tambaye shi ko a cikin masallacin ya taɓa ganin rana. Tsohon ya girgiza kai. Motar Rabilu takan yi ta kewaye gadoji kafin ta isa, su shiga, su bi layin kafet, su fito.

Saidou ya ajiye cebur. "To duk sallolin nan da muka yi fa?"

Wayar Badamasi ta yi ƙara. Rabilu ne, direban gidan Abu Nawaf. Ya ce ya ɗauko Shehi, sun baro unguwar Jaradiya, suna hanya. Maigida ba zai dawo ba sai mako mai zuwa, shi ya sa ya ce kawunsa ya je ya duba masa aikin, ya kuma buɗe masallacin da sallar la'asar.

Dalilin zuwan Badamasi ke nan, ya tarbi Shehi ya yi masa tafinta. Shehi Abdulkarim tsohon liman ne, ciwon sukari ya cinye idanunsa. Abu Nawaf ba ya tsallake maganarsa.

Badamasi ya zaga ginin yana lissafi a zuci. Gyaran ba mai wuya ba ne. A fasa bayan mihrabin ya zama ƙofa, zanen bakinsa ya zama adon shiga. Ƙofar yanzu a toshe ta, a fitar da sabon mihrabi a wurin. Aikin mako ɗaya ne, kuma mako ɗaya suke da shi. Abu Nawaf bai daɗe da sayen gonar ba, hotuna kawai ya gani. Idan ya dawo zai tarar da masallaci yana kallon yamma, shi ke nan. Abin da ya rage la'asar ɗin yau.

Ya yi tunanin a jera tubali a rufe mihrabin, a ce ba a yi shi ba tukuna. Ba zai yiwu ba. Shi da kansa ya tura wa Abu Nawaf hotonsa, kuma Rabilu ya ce tun da suka taso Shehi ba ya maganar komai sai mihrabin da aka ce an yi wa zanen hannu.

Ya dawo ya shimfiɗa musu maganar yadda take. Idan Shehi ya gane, zai faɗa wa Abu Nawaf. Abu Nawaf zai iya yafe bango ya tsage ko rufi ya yi yoyo. Masallacin mahaifiyarsa ya juya wa Ka'aba baya, ya zama abin hira a majalisar 'yan uwa, wannan ba zai yafe ba. Takardar huruj ce, fita ba dawowa. Idan kuwa Shehi bai gane ba, zai koma ya ce aiki ya yi kyau.

Malam Moussa ya zauna a kan tarin tubali.

"Injiniya, ka rufa mini asiri."

Ya yi ta magana, ba ya kallon kowa. Makaho idan aka nuna masa alƙibla ya bi, sallarsa ta yi, ba shi da laifi. Su kuma sai su sake tasu bayan ya tafi. Laifin yana wuyansa shi kaɗai, ya ɗauka, zai je gaban Ka'aba ya nemi gafara. Saidou ya ce shi dai ba zai ce komai ba. Ƙanensa ya gyaɗa kai.

Badamasi a Istanbul ya yi karatun zanen gine-gine, kuma akwai shekarar da suka yi a kan wuraren ibada na duniya kaɗai. Ya ga tsohon yana neman abin da zai riƙe, sai ya ba shi abin da yake da shi. Ya ce masallacin Ƙurɗuba da ke jikin bangon maigida kudu yake kallo, an kuma yi ɗaruruwan shekaru ana salla a cikinsa. Ya ce a Istanbul akwai Ayasofiya, coci ne asalinsa, da aka mayar da shi masallaci sai aka ɗan kautar da mihrabin gefe, duk wanda ya shiga zai ga bai zauna a tsakiya ba. Ya ce manyan gine-ginen ibada duk da layi ɗaya a ƙasa ake fara su, kuma ba a Damagaram aka fara kuskuren layin ba.

Malam Moussa ya saurara har ya gama.

"Su masu Ƙurɗuba, sun sani lokacin da suke sallar?"

"Ban sani ba, Baba."

"Mu mun sani."

Badamasi ya ce to sai ya zaɓa. Tsohon ya dubi ƙasa. Ya ce a yi shiru.

Motar ta shigo tana tayar da ƙura. Rabilu ya fito ya zaga ya buɗe wa Shehi. Rabilu Bakano ne, ya fi su daɗewa a ƙasar, kullum a bakin gona yake sauke musu ruwa da burodi ya juya. Yau ne ya fara ƙarasowa gaban ginin. Ya riƙo hannun Shehi, ya ɗaga kai ya dubi ƙofa, ya dubi rana, ya sake duban ƙofa. Ya yi magana da Hausa, muryarsa cike da fara'a kamar mai gaisuwa, don kada tsohon da yake riƙe da shi ya ji wani abu.

"Injiniya, wannan masallacin Bahrain yake kallo ko Indiya?"

"Ka yi shiru ka shigo da shi."

"Baba Damagaram, ka gina wa mutanen Sin masallaci ba ka gaya mana ba."

Badamasi ya faɗa masa shirin a taƙaice, shi ma yana murmushi. Fara'ar Rabilu ba ta gushe daga muryarsa ba, amma ya ce shi babu ruwansa, yana da 'ya'ya a makaranta, iƙamarsa kuma, takardar zamansa a ƙasar, a hannun maigida take. Bai ga komai ba, bai ji komai ba, zai jira a mota.

Shehi ya tambayi abin da ake cewa. Badamasi ya ce ana yi masa barka da zuwa.

Shehi siririn tsoho ne, farin gemu, baƙin tabarau. Da ya shiga inuwar masallacin ya saki hannun Rabilu, ya tsaya yana shaƙar iska. Ya ce ƙamshin gidan da aka haife shi ke nan, rabonsa da jin sa tun yana yaro. Ya lalubi bango ya bi shi da tafin hannu. Ya ƙwanƙwasa ya saurara. Ya tambayi kaurinsa, da irin ciyawar da aka cuɗa a ƙasar, Badamasi yana juya tambaya zuwa Hausa, yana mayar da amsa Larabci. Amsoshin Malam Moussa gajeru ne, da kyar ake jin su.

Sai Shehi ya ce a kawo masa maginin. Ya kama hannun Malam Moussa da hannu biyu, ya shafa kantar da ke tafinsa, ya ce shi zai kai shi mihrabi, ba wani ba.

Malam Moussa ya dubi Badamasi. Badamasi ya dubi bango. Tsohon ya ja makahon a hankali har gaban mihrabi, ya ɗora masa hannu a kan zanen.

Shehi ya daɗe a wurin. Ya bi kowane lanƙwasa da yatsa, daga ƙasa har inda hannunsa ya kai. Ya ce ya yi limanci a masallatan marmara da ba su kai wannan ba. Ya ce 'yar'uwarsa ta yi dace. Sannan ya ce Abu Nawaf ya gaya masa alkawarin da ke tsakaninsu, kuma yau da daddare zai kira shi ya ce a fara neman izinin Hajjin, ba sai an jira gini ya ƙare ba.

Badamasi ya fassara. Malam Moussa ya ce ya gode. Bai ɗago kai ba.

Daga nesa, ta wajen Shifa, aka fara kiran la'asar. Shehi ya ce a shimfiɗa tabarma. Saidou ya shimfiɗa, ya miƙe, ya ce da Hausa alwalarsa ta karye, ya fita. Ƙanensa ya bi shi ba tare da ya kawo dalili ba. Rabilu tuni ya sulale. Aka bar Badamasi da Malam Moussa a bayan tsohon, wanda ya riga ya shiga mihrabi yana gyara mayafinsa.

Shehi ya karkata kunne. Ya ce ɗazu ya ji muryoyi da yawa, ina mutanen? Badamasi ya ce suna alwala. Shehi ya ce sai a jira su, sallar farko ce a masallacin, ba za a bar kowa a baya ba.

Suka jira. Ana jin ƙarar famfo a waje, ruwa yana zuba babu mai taɓa shi. Shehi yana jan tasbaha a nitse. Gumi ya jiƙa bayan rigar Badamasi. Da jiran ya yi tsawo Shehi ya tambaya ko alwalar Afirka daban take da tasu. Badamasi ya yi ƙoƙarin dariya, ya fita.

Ya same su su uku a gindin dabino. Bai ɗaga murya ba. Ya ce sun yarda za su yi shiru, to shirun ya haɗa da tsayawa a sahu. Idan ba su shiga ba tsohon nan zai tambayi dalili, kuma ba wawa ba ne. Saidou ya ce shiru daban, mutum ya kai goshinsa ƙasa yana sane ya ba Ka'aba baya daban. Rabilu ya ce shi a ganinsa a ce motar ta lalace. Badamasi ya ce su tsaya kawai, su yi ruku'u su yi sujada, kada su ƙulla niyya, daga baya kowa ya yi sallarsa. Saidou ya ce wannan ai wasa da salla ne. Badamasi ya ce to ya shiga ya faɗa wa Malam Moussa haka a fuskarsa.

Suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya.

Sahu ɗaya suka yi. Malam Moussa a bayan liman daidai, Badamasi a damansa. Shehi ya ce magini ne zai tayar da salla, shi ya fi cancanta. Tsohon ya tayar. Muryarsa ta fita a bushe, amma ya kai ƙarshe. Shehi ya ce a daidaita sahu, ya ɗaga hannu ya yi kabbara.

Badamasi ya ɗaga nasa ya yi. Ya ji Rabilu ya yi, ya ji Saidou ya yi wani gunaguni da zai iya zama komai. A hagunsa hannayen Malam Moussa sun kai kunne, sun tsaya a can. Ba su sauko ba. Masallacin ya yi tsit, sallar la'asar ce, ba a bayyana karatu. Badamasi yana jin numfashin tsohon yana fita da sauri.

"Subhanallah."

A hankali ya faɗe ta, yadda mamu yake tunatar da liman idan ya yi mantuwa. Shehi bai motsa ba. Bai kai ga yin komai ba tukuna balle ya yi kuskure. Badamasi ya taka ƙafar tsohon da tasa.

"Subhanallah."

Wannan karon kowa ya ji. Kan Shehi ya ɗan juya. Malam Moussa ya fita daga sahu, ya kama kafaɗun makahon ta baya da hannayensa biyu. Shehi ya ƙage, ya ƙi juyuwa. Maginin ya fi shi ƙarfi. Ya juya shi gaba ɗaya har ya fuskanci ƙofa, ya faɗi kalmomin Larabci biyu daga cikin 'yan kaɗan da ya sani.

"Ƙibla, Shehi."

Shehi ya tsaya yadda aka ajiye shi. Sai ya yi sallama ya yanke sallar. Ya miƙa hannu gaba ya fara takawa, suka dare suka ba shi hanya. Ya ratsa masallacin har bakin ƙofa, inda rana take shigowa. Ta sauka a fuskarsa. Ya ɗaga haɓa ya bar ta a kan fatarsa na ɗan lokaci. A ƙasar nan aka haife shi, ba ya bukatar ido ya san abin da wannan yake nufi.

Ya ja da baya kaɗan, ya ce su tsaya a bayansa. Suka zagayo suka yi sahu. Ya yi kabbara, suka yi salla raka'a huɗu suna kallon ƙofa, da motar Rabilu, da dabino.

Bayan sallama ya yi tasbihinsa bai gaggauta ba. Sannan ya juyo ya zauna yana fuskantar su, ya ce ɗansa injiniya ya yi masa bayani.

Badamasi ya yi. Ya ce mutanen nan daga ƙasar da take yamma da Makka suka zo, tun kakanninsu fitowar rana suke kallo, kuma shi ne bai tsaya an kafa turke a gabansa ba. Ya ce gyaran mako ɗaya ne. Ya fara kawo zancen masallacin alƙibla biyu na Madina, zai wuce zuwa Ƙurɗuba, Shehi ya ɗaga hannu.

"Ban tambaye ka tarihi ba. Yaushe kuka sani?"

Badamasi ya yi jinkiri. Zai iya cewa yanzu, a cikin sallar, tsohon ya hango rana ta ƙofa ya farga.

"Kafin ka ba ni amsa," in ji Shehi, "ka tuna na ji mutum uku sun gudu alwala lokaci guda."

"Kafin ku iso muka sani."

Shehi ya gyaɗa kai. Ya ce kuskuren gini ba komai ba ne, ƙasa ce, a jiƙa ta a sake. Ya tambayi wanda ya juya shi. Badamasi ya ce maginin ne. Ya tambayi wanda ya kama hannunsa ya kai shi cikin mihrabin. Badamasi ya ce shi ne dai.

"Zan faɗa wa Abu Nawaf duka biyun," in ji Shehi. "Ba zan rage ba, ba zan ƙara ba."

Ya miƙa hannu, Rabilu ya ɗaga shi. Malam Moussa ya tambayi abin da aka ce. Badamasi ya fassara masa daidai. Tsohon ya tashi ya raka su har mota, ya riƙe ƙofa har Shehi ya zauna. Rabilu bai yi wa kowa sallama ba.

Ba a koma aiki ba. Ƙasar da aka kwaɓa ta fara bushewa a rami. Saidou da ƙanensa suka zauna suna lissafin sallolin da za su rama, suka yi gardama a kan ko ramuwa ta wajaba ga wanda bai sani ba, suka bari. Malam Moussa ya koma kan tarin tubalinsa. Badamasi ya so ya tambaye shi me ya sa, bayan shi ya roƙi a yi shiru. Bai tambaya ba. Tsohon ne da kansa ya ce, ba tare da ya dube shi ba, kabbarar ce ta ƙi fita.

Abu Nawaf ya kira kafin magariba. Badamasi ya matsa bayan mota ya ɗauka. Mutumin bai yi faɗa ba. Ya ce kawunsa ya gaya masa komai, har da cewa aikin hannun yana da kyau. Ya ce da kuskuren ne kaɗai da ya haƙura. Amma an tsayar da ɗan'uwan mahaifiyarsa, makaho, a masallacinta, yana kallon inda ba alƙibla ba, mutum biyar suna kallo. Badamasi ya ce shawarar tasa ce, shi ya tsara. Abu Nawaf ya ce ya sani, kuma za su yi wannan maganar idan gidan Badi'a ya ƙare, yanzu ba shi da wanda zai maye gurbinsa a can. Leburorin a mayar da su Badi'a. Zai sa a nemo magina 'yan Yaman su juya ginin, kada kowa ya taɓa shi kafin su zo. Tsohon kuwa ofis za ta yi masa huruj, jirginsa ranar Litinin.

Badamasi ya ce shi ne fa ya juya Shehi, da bai yi ba da babu wanda zai sani. Abu Nawaf ya ce shi ya sa za a biya shi haƙƙinsa cikakke, a kuma saya masa tikiti. Badamasi ya tambayi Hajjin. Abu Nawaf ya ce babu wannan maganar. Ya ce to ko Umra, akwai motocin da suke tashi daga tashar Batha gobe, su dawo kafin Litinin.

"Fasfo ɗinsa yana ofis har ranar tafiya," in ji Abu Nawaf. "Abin da zai yi kafin nan ba ruwana."

Ya kashe waya.

Badamasi ya dawo ya tsuguna a gaban tsohon ya faɗa masa, bai sassauta ko kalma ɗaya ba. Malam Moussa ya saurara. Ya tambayi wanda zai gyara ginin, aka gaya masa. Ya tambaya ko za a bar shi ya fasa mihrabin da hannunsa kafin ya tafi. Badamasi ya ce an hana. Ya yi masa bayanin motar Batha: za a kwana a hanya, a yi ɗawafi da sa'ayi, a yi sallar Juma'a a Harami idan an isa da wuri, a juyo. Ya ce zai raka shi.

"Umra ba Hajji ba ce, Injiniya."

"Ba shi ba ne, Baba."

Tsohon ya dubi taɓon da ya bushe a ƙafafunsa. Ya tambaya ko ana sayar da harami a Batha ɗin, ko sai an je can. Badamasi ya ce ana sayarwa a bakin tashar. Malam Moussa ya tashi ya nufi famfo ya wanke ƙafa, ya shiga ɗakin kwano ya fara haɗa kayansa.